Tiyatar jijiyar gwiwa: yadda za ka lissafa kuɗinta da inda za ka nemo su

Duk wanda aka ce masa jijiyar gwiwarsa ta tsinke, tambayarsa ta farko ita ce, "Nawa ne kuɗin aikin?" Ni da nake aikin gashin ƙashi, nake karɓar mutane bayan likitan tiyata ya gama da su, ba na son tambayar nan, saboda amsarta tana yaudarar mutum. Adadin da za a rubuta maka kuɗin yini guda ne, yinin da za a shiga da kai ɗakin tiyata. Gwiwar kuwa sai ta kwashe wata tara zuwa shekara kafin ta dawo hayyacinta, kuma duk tsawon lokacin nan kuɗi take ci.

Inda gwamnati ko inshora ke ɗauke wa majiyyaci nauyi, wannan lissafi ba nasa ba ne. A ƙasashe masu tasowa kuwa daga aljihunsa zai fita. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya jama'a ne ke biya da hannunsu. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinta, amma ƙalilan ne suka taɓa cikawa. To tunda kai za ka biya, gara ka san abin da kake saye.

Ka fara tabbatarwa aikin ma ya zama dole

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke riƙe da gwiwa. Biyu suna gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, likitoci na ce musu MCL da LCL. Biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar sun gicciye juna, ta gaba ACL, ta baya PCL. Ka riƙe haruffan nan, don da su za a rubuta maka takarda, da su kuma za a caje ka. MCL yawanci da kanta take warkewa, abin ɗaure gwiwa na kamar mako shida da motsa jiki sun ishe ta. PCL ma, in ita kaɗai ta taɓu, sau da yawa ba a yanka. Mai rigimar ita ce ACL, ta 'yan ƙwallo: mutum ya kafa ƙafa ya juya, ya ji wani abu ya yi ƙara a cikin gwiwa, kafin 'yan sa'o'i ta kumbura suntum. Ba ta cika haɗewa da kanta ba. Mata kuma sun fi maza saurin tsinka ta in wasa iri ɗaya suke yi.

Hali biyu ne ba a jira a cikinsu. Na farko, gwiwar da ta goce gaba ɗaya, irin wadda ake samu a haɗarin babur ko na mota, jijiya biyu ko uku su tsinke lokaci guda. Haɗarin a nan babbar jijiyar jinin da ke bayan gwiwa ce. In tafin ƙafa ya yi sanyi, ko ya sauya launi, ko ya mutu ba ka jin taɓi, a nufi asibiti a daren, a yi zancen kuɗi daga baya, domin in jini ya yanke wa ƙafa sama da sa'a shida zuwa takwas ana iya rasa ta. Na biyu, gwiwar da ta kulle ta ƙi miƙewa saboda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, wanda ake kira meniskus, ya yage ya maƙale. Wannan makonni kaɗan gare ka, ba watanni ba.

In ba waɗannan ba, babu abin da ke korar ka. Likita nagari ma ba zai so ya yanka gwiwar da ke kumbure ba ta miƙewa, don takan sandare bayan aiki. Akwai wani bincike da aka yi a Suwidin aka buga a 2010, kan matasa 121 masu wasanni da ACL ɗinsu ta tsinke. Aka yi wa wasu tiyata nan da nan, sauran aka fara musu da gashi da motsa jiki, aka ce sai wanda gwiwarsa ta ƙi za a yi wa aiki. Bayan shekara biyu ba a ga wani bambancin a zo a gani ba tsakanin ɓangarorin. Bayan shekara biyar kuma kusan rabin waɗanda aka fara wa da gashi ba su shiga ɗakin tiyata ba sam. Amma kada ka riƙe wannan kaɗai. Wani binciken a Birtaniya, na 2022, kan mutum 316 da suka daɗe da ciwon kuma gwiwar tana ta goce musu, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙi.

Abin da nake gaya wa mutanena ke nan: ka ba gwiwar wata uku na motsa jiki na gaskiya a hannun mai gashi. In aikinka na zama ne, ko tafiyarka miƙaƙƙiya ce, kuma gwiwar ta daina gocewa, mai yiwuwa ka tsira da kuɗinka. In kuwa tana ci gaba da zame maka a kan matakala ko wajen juyawa, ko kai ɗan ƙwallo ne, ko soja, ko mai hawa gini, to aiki ya kama ka, domin kowace gocewa tana ƙara cinye guringuntsi. Wata ukun nan ba asara ba ce ko ta wace fuska. Cinyar da ta yi ƙarfi kafin aiki ta fi saurin farfaɗowa bayansa, kuma a cikinsu ne za ka haɗa kuɗi.

Ba na raina masu ɗori, na san dalilin da ya sa ake zuwa wurinsu: suna kusa, suna da sauƙi, suna yi wa mutum magana da harshen da yake ji. Sai dai jijiyar da ta tsinke a tsakiyar gaɓa ba ta ɗoruwa. Abin da ɗauri na makonni ke haifarwa shi ne sandararriyar gwiwa da ramammiyar cinya, in an yi tsaga kuma ga ƙofar ƙwayoyin cuta an buɗe. Sai mutum ya zo mana mu fara da gyara wannan, ya biya sau biyu.

Likita tukuna, hoto daga baya

Mutane da yawa sukan zo da hoton MRI, wato na na'urar da ke nuna jijiyoyi da guringuntsi, a hannu tun kafin likitan ƙashi ya taɓa gwiwar. Wannan juya lamari ne. Ƙwararren likita da hannunsa yake gane tsinkewar ACL, akwai gwajin da ake kira Lachman, ya riƙe cinya ya jawo ƙwauri gaba ya ji ko akwai abin da ya tare. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, amma a yi shi, yana da araha, yana kuma fitar da karaya. MRI shi ne mai tsadar, babban amfaninsa ya nuna abin da ya lalace tare da jijiyar. Ka bari likitan da zai yi aikin ya faɗa maka inda za ka yi. Na'urorin ba ƙarfinsu ɗaya ba, mai ƙarfin Tesla 1.5 ta fi ƙananan fitar da guringuntsi sarai, kuma hoton da ya fito dishi-dishi sai an sake shi. Ka karɓi hotunan kansu a faifai, ba takardar sakamako kaɗai ba, don kowane likita na biyu da za ka je wa zai so ya gani da idonsa.

Kuma ka je wa na biyun. Kuɗin ganin likita ba komai ba ne a kan kuɗin aikin da bai zama dole ba.

Yadda ake karanta takardar ƙiyasi

Ba ɗinke jijiyar ake yi ba, sabuwa ake dasawa. Likita zai huda ƙashin cinya da na ƙwauri, ya zura wata jijiya ta cikin ramukan, ya kafe ta sama da ƙasa. Yawanci ta 'yan ƙananan ƙofofi ake yi, da kyamara. Daga wannan bayani kaɗai za ka ga inda kuɗin suke: jijiyar da za a dasa, abin da za a kafe ta da shi, na'urar, da hannun da ya iya.

Jijiyar dashe daga jikinka ake cirowa, ko daga bayan cinya, ko daga wadda ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙwauri, ko daga gaban cinya. Wannan kyauta ce, taka ce. Akwai kuma ta jikin mamaci da ake adanawa a bankin sassan jiki, wadda a yawancin ƙasashenmu sai an shigo da ita daga waje da tsada, kuma a jikin matasa 'yan ƙasa da shekara 25 ta fi saurin sake tsinkewa. In an tallata maka ita a matsayin ta masu hali, ka ce ka gode. Abin da ya kamata ka tattauna da likita shi ne wacce daga cikin naka za a ɗauka. Ta ƙoƙon gwiwa tana da ƙarfi, 'yan wasa da yawa ita ake yi musu, amma takan bar ciwo a gaban gwiwa wajen durƙuso. Mai yawan durƙusawa, don salla ko don sana'a irin ta mai shimfiɗa tayil, ya faɗa wa likita tun kafin a zaɓa.

Kayan kafewa su ne ke sa farashi ya yi tsalle. Ɗan maɓallin ƙarfe ne mai zare a sama, da sukuru a ƙasa, wani na ƙarfen titaniyam, wani na roba mai tauri, wani mai narkewa a jiki. Ka sa su a tafin hannu ba su cika shi ba, amma kamfanoni irin su Arthrex da Smith & Nephew da Stryker ne ke yin su, da dala ake shigo da su. Shi ya sa farashin aikin ke bin canji sau da ƙafa. Lokacin da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 750, farkon 2024 kuma ta kai 1,500. A Masar ma a watan Maris na 2024 dala ta tashi daga fam 31 zuwa kusan 50 a yini guda. Wanda ke riƙe da tsohuwar takardar ƙiyasi a irin wannan lokaci, takarda kawai yake riƙe da ita. Don haka ka tambaya: wannan farashi har zuwa yaushe yake aiki? In kuma kuɗin sun fara taruwa, ka roƙi asibiti ka fara biyan kayan dashen a ajiye maka da rasit, ko da sauran bai cika ba. Ka tambaya kuma ko akwai na kamfanonin Indiya ko sukurun titaniyam na gama-gari. Sukuru mai narkewa ya fi daɗin faɗa, amma bai fi na ƙarfe riƙo ba. Wanda ya iya huda ramin a daidai gurbinsa ya fi tsadar sukurun muhimmanci nesa ba kusa ba.

Kada ka karɓi adadi a dunƙule. Ka ce a rarraba maka: ladan likita, allurar kashe jiki da mai yin ta, ɗakin tiyata, kayan dashe ɗaya bayan ɗaya, kayan da ake amfani da su sau ɗaya a jefar, gwajin jini, kuɗin gado na kwana nawa, magunguna, sandunan dogarawa, wankin ciwo da cire zare. Yawanci allurar baya ake yi, ba ta barci ba, kuma kwana ɗaya ko biyu sun isa, wasu wuraren ma a ranar ake sallama. In ka ga an rubuta kwana bakwai a ɗaki na musamman, ga wurin ragi nan.

Tambayar da kusan kowa ke mantawa ita ce ta guringuntsi. Kusan rabin masu tsinkewar ACL meniskus ɗinsu ma ya yage, wani lokaci sai an shiga da kyamara ake ganin girman ɓarnar. Likita zai yanke ɓangaren da ya yage, ko ya ɗinke. Yankewa ta fi sauƙi da araha. Ɗinki ya fi tsada, musamman in da 'yan na'urorin ɗinki na zamani ne da ake caji ɗai-ɗai, kuma zai ƙara maka makonni a kan sanda. Duk da haka in yana ɗinkuwa a ɗinke, don guringuntsin nan shi ke kare ka daga amosanin gaɓa nan gaba. Abin da ba na so shi ne a fito wa 'yan'uwanka daga ɗakin tiyata kana kwance a ce a kawo ƙari yanzu-yanzu. Ku yi wannan magana tun kana zaune da ƙafarka: in an tarar da yaga, me za a yi, nawa ne, in kuma ba a yi amfani da kayan ba za a dawo da kuɗinsu?

Sauran tambayoyin ba sa buƙatar dogon bayani. Aikin ACL nawa likitan yake yi a shekara, shi da kansa? In ciwo ya ruɓe ko aka sake kwantar da kai, wa zai biya? Za a manna takardun lambar kayan dashen a fayil ɗinka? Likitan da ya ji haushin irin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa.

Kuɗin da ba a rubutawa

A nan ne nake ganin mutane suna faɗuwa. An sayar da fili, an yi aiki lafiya, an sallamo mutum, ya zo gashi sau huɗu ko biyar, sai ya ɓace. Bayan wata shida ya dawo yana ɗingishi, gwiwa ba ta miƙewa, cinya ta zama rabin 'yar'uwarta, yana cewa aikin bai yi ba. Aikin ya yi, mota aka saya ba a bar kuɗin mai ba.

Jijiyar da aka dasa ba ta zama jijiya ranar aiki. Sai jiki ya shigar mata da jini ya sake gina ta, kuma a watannin farko tana da rauni ko da kana jin garau. Wani bincike da aka yi a Amurka da Norway, aka buga a 2016, ya nuna duk wata guda da ɗan wasa ya jinkirta komawa fili, har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin ciwo yana raguwa da kusan rabi. Aiki na biyu kuwa ya fi na farko tsada da wahala, sakamakonsa kuma bai cika kai na farkon ba.

Saboda haka kafin ka sa ranar aiki, ka je sashen gashi ka tambayi kuɗin zama ɗaya. Ka lissafa sau biyu ko uku a mako a watanni biyu zuwa ukun farko, sannan sau ɗaya a mako, sannan jefi-jefi har wata tara. Ka ɗora kuɗin mota zuwa da dawowa, wanda ga na nesa yakan fi kuɗin gashin kansa. Ka ɗora kuɗin shigar da za ka rasa: mai aikin tebur yana iya komawa cikin mako biyu zuwa huɗu, direba wajen mako shida in ƙafar dama ce, mai aikin ƙarfi kuwa wata huɗu zuwa shida. In banɗakin tsuguno gare ka, ka tanadi kujerar bahaya, ƙaramin abu ne amma za ka gode mini. A kan jimillar duka ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda abin da ba a zata ba. Wannan shi ne kuɗin gwiwarka. Ka ware kuɗin gashi daban, ka damƙa wa wanda ba zai ba ka ba ko ka roƙe shi.

Akwai kuma inda za ka rage ba tare da cutar da kanka ba. Injin da ke lanƙwasa gwiwa da kansa, wanda ake ba da haya, ba dole ba ne. Abin ɗaure gwiwa mai tsada ma, in ACL kaɗai aka yi, bincike bai nuna yana ƙara komai ba, sai in an ɗinke guringuntsi ko an gyara wata jijiyar likita ya ce a sa. Allurar da ake tace jininka a mayar maka a gwiwa, ba a tabbatar tana sauya sakamakon wannan aiki ba. Ƙanƙara a leda, igiyar roba ta motsa jiki, buhun yashi, tsohon keken motsa jiki, da mai gashin da zai rubuta maka abin da za ka yi a gida kullum, su ne ainihin kayan aikin. In kana nesa, ka gaya masa gaskiyar aljihunka, ya rage yawan zuwa ya ƙara aikin gida, ku riƙa duba juna ta bidiyo. Mun fi son haka a kan ka ɓace.

A gida ko a waje?

A Amurka wanda ba shi da inshora ana iya cajinsa dala dubu 20 ko fiye. A Indiya dala dubu kaɗan ne a asibitin kuɗi, shi ya sa ake tururuwa can, wasu kuma Masar, Tunisiya, Turkiyya ko Afirka ta Kudu. Amma adadin da dillali zai turo maka ta WhatsApp na asibiti ne kaɗai. Babu tikiti biyu a ciki, naka da na mai jinya, babu biza, babu masauki da abinci na mako biyu ko uku, kuma la'adarsa tana ciki ko bai faɗa ba. Ka rubuta wa sashen baƙi na asibitin kai tsaye, ka tura hotunanka, ka biya a asusun asibiti, ba na wani mutum ba. Doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan tiyatar ƙafa tana ƙara haɗarin daskarewar jini, kada ka sayi tikitin dawowa sai likita ya sa rana. In gwiwa ta kumbura da zazzaɓi bayan ka dawo, likitan gida za ka nema, don haka ka san shi tun kafin ka tafi.

Ra'ayina, ACL kaɗai ba ta kai a ƙetare teku ba in akwai mai yin ta a kai a kai a ƙasarka. Ka fara tambaya a asibitocin koyarwa da na ƙashi: a Najeriya akwai na Dala a Kano, na Igbobi a Legas da na Enugu, a Ghana akwai Korle Bu, a Kenya Kenyatta, a Tanzaniya cibiyar ƙashi ta Muhimbili. Asibitin gwamnati ya fi araha, abin da za ka biya da shi haƙuri ne da layi, kuma sau da yawa kai za ka sayi kayan dashen. Tunda mun ce ba gaggawa, layin ba abin tsoro ba ne. Wanda jijiya biyu ko uku suka tsinke masa, ko aikin farko ya lalace, shi ne ya dace ya nemi ƙwararre duk inda yake.

Inda za a nemo kuɗin

Kafin ka roƙi kowa, ka duba ko akwai wanda biyan ya wajaba a kansa. In a bakin aiki ka ji ciwo, yawancin ƙasashe suna da dokar diyyar ma'aikata. A Najeriya dokar 2010 ce, hukumar NSITF ke kula da ita, masu ɗaukar ma'aikata na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi. Sai dai ana so a kai rahoto da wuri kuma a rubuce, kada ka tsaya sai ka warke. In haɗarin mota ne, inshorar motar da ta buge ka tana da alhakin raunin da ta ji maka, kuma rahoton 'yan sanda shi ne makaminka. A Afirka ta Kudu asusu guda ne na musamman don haɗarin hanya, daga harajin man fetur ake cika shi. In ɗan wasa ne kai mai kwantiragi, ka karanta abin da ta ce kan jinya, ka kuma sani hukunce-hukuncen FIFA sun sha nuna cewa rauni ba dalilin soke kwantiragi ba ne. Ɗalibi ya tambayi asibitin makarantarsa, soja da ɗan sanda su bi ta nasu tsarin.

Sai inshorar lafiya. Ghana ta kafa tata a 2003. Najeriya ta sauya hukumar inshorarta daga NHIS zuwa NHIA a 2022 ta kuma wajabta inshora a doka, jihohi ma suna da nasu hukumomin. Kenya ta maye gurbin asusun inshorarta na NHIF da sabuwar hukumar SHA a watan Oktoban 2024. A Indiya shirin Ayushman Bharat na 2018 yana biya wa iyalai marasa ƙarfi har rufi dubu 500 a shekara don kwanciya asibiti, amma na 'yan ƙasa ne, ba na baƙo ba. Riƙe kati ba shi ne samun biya ba. Abu huɗu za ka tambaya, kuma a ba ka a rubuce: aikin yana cikin jerin abin da suke biya? Da kayan dashen ko ban da su? Zaman gashi nawa suke ɗauka? Akwai wa'adin jira ga sabon shiga, ko sharaɗi kan ciwon da aka shigo da shi? Yawancinsu sai an bi ta takardar turawa daga asibitinka na farko da lambar amincewa kafin aiki. Wanda ya biya da kansa ya zo neman a mayar masa daga baya, da wuya ya gani. Ko rabi suka ɗauka, ko gado da gwaje-gwaje kaɗai, ka karɓa.

A manyan asibitocin gwamnati akwai sashen jin daɗin jama'a, ofishin da mutane ke wucewa ba su san aikinsa ba. Su ke bincika halin majiyyaci su nema masa ragi ko biya kashi-kashi, su kuma suka san ƙungiyoyi da masu hannu da shuni da ke biya wa marasa lafiya. Ka tambaye su ko akwai lokacin da likitocin waje ko ƙungiyar likitocin ƙashi ke zuwa aikin horarwa, don a irin wannan kamfanoni kan ba da kayan dashe kyauta ko da ragi. Kada dai ka gina shirinka a kansa. Masu agaji sun fi karkata ga yara da cututtukan da ke kisa, gwiwar baligi tana can ƙasan jerinsu.

Mafi yawan mutane daga dangi da abokan sana'a kuɗinsu ke fitowa. Ka tara su sau ɗaya, ka ajiye takardar asibiti a gabansu da cikakken lissafin nan har da gashi, don komawa karo na biyu ya fi na farko nauyi a baki. In kana cikin adashi, ko abin da ake kira susu a Ghana, chama a Kenya, ka nemi a matso maka da ɗaukarka. Ƙungiyar ma'aikata ko ta 'yan kasuwa mai ba da rance ba ruwa ta fi banki. Hukumomin zakka da wakafi, da asusun taimako na masallatai da majami'u, suna karɓar irin wannan buƙata, mabuƙaci da wanda bashi ya yi wa katutu suna cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Su ma takarda suke so: rahoton likita, ƙiyasi mai hatimi, da lambar asusun asibiti.

Neman taimako a intanet yana aiki ga wanda ya riga yana da jama'a. GoFundMe ba ya sakin kuɗi kai tsaye zuwa yawancin ƙasashen Afirka, sai kana da amintacce a ƙasar da suke aiki. A Kenya akwai M-Changa, a Indiya Milaap da Ketto, a Afirka ta Kudu BackaBuddy. Ko ta ina ka bi, ka sa hoton takardar ƙiyasi, ka faɗi abin da ka riga ka tara da kanka, ka riƙa sanar da abin da ya shigo, in ya cika ka ce ya cika. 'Yan damfara sun ɓata wannan hanya, mai bayarwa ya fi sakin jiki in asusun asibiti ya gani.

Abu biyu nake hana mutane. Manhajojin ba da bashi na waya, masu wa'adin mako biyu ko wata guda da ruwa mai nauyi, ba su dace da mutumin da zai yi watanni ba ya samu ba. Na biyu, kada ka sayar da abin da kake ci da shi. Babur ɗin haya, keken ɗinki, injin niƙa, su za su ciyar da gida kana kwance in ka ba wani ya juya, su kuma za ka koma wa in ka miƙe. A sayar da abin da ke ajiye, a bar mai kawowa.

In duk ka bi waɗannan kuɗin ba su kai ba, kada ka yi aikin da rabin shiri. Ka ci gaba da ƙarfafa cinya gaba da baya, ka bar ƙwallo da duk wasan da ake juyi da tsalle, ka koma keke ko iyo, ka kula da saukowa daga matakala da daga mota. Ana yin wannan aiki bayan shekara ɗaya ko biyu ya yi kyau, muddin guringuntsi bai lalace ba. Ka riƙa zuwa ana duba ka duk bayan 'yan watanni, ranar da gwiwar ta kulle ko ta fara gocewa a tafiyar yau da kullum ka koma wa likita a makon, da faifan hotonka da duk takardunka.